Wuyan Baduku

Shekara talatin ina sunkuye kan fata a Marwa,
basilla a dama, zare a baki,
ina ɗinka wa mutane jaka da kube da takalma,
ban san haɓata nake ɗinkewa da ƙirjina ba.

Sallau, jikana, shi ya tona.
Ya ɗauke ni hoto ta gefe ranar wani suna,
ya miƙo wayar yana danne dariya.
Na duba: ga jiki nan tsaye,
ga kai can gaba, ya riga shi isa kasuwa,
kamar kunkuru ya leƙo ya ga ko ruwa ya ɗauke.
Na ce, “Wane tsoho ne wannan?”
Ya ce, “Ga hularka nan, Baba.”

Ashe shi ya sa ƙeya ke zugi da la’asar,
kafaɗa ta yi tauri kamar ƙirgin da bai ga majema ba.
Na zargi matashi, na zargi tabarma,
na zargi babur da ramukan Domayo.

A asibiti, wani yaro mai farar riga, Hamman-Joda,
ko ƙwaya ɗaya bai ba ni ba.
Ya ce, “Kai ai tulu ne, Baba.
In ya zauna daidai, gammo ya ishe shi.
In ya zame gaba, jijiya ke biyan bashin.”
Ya ja ni bango kamar mai laifi:
“Duga-dugai, ƙugu, kafaɗu, duk su taɓa.
Yanzu ƙeya.”
Ƙeya ta ƙi.
Tsakaninta da bango ya zura hannu, ya fitar.

“Kada ka ɗaga kai kamar zakara zai yi cara.
Ja haɓa baya, kai tsaye,
kamar an kawo maka abu mai wari kusa da hanci.
Riƙe. Ƙirga biyar. Saki.
Allunan kafaɗa kuma, matse su
kamar ka ɓoye goro a tsakaninsu.
Ka tsaya bakin ƙofa, ka dafa gefe da gefe,
ka bar ƙirji ya shiga ɗaki kafin kai.”

Na yi a rumfa, Maikano ya gani:
“Baduku, da furfura za ka shiga soja?
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.”
Na ce icce ke nan.
Ni da fata na saba,
busasshiya ma tana jin mai da haƙuri,
ba a fizgarta, murza ta ake yi.

Mako ɗaya, ba komai sai tsami.
Na sa bulo biyu ƙarƙashin teburin aiki.
Duk kiran salla, bayan na shafa,
sai in ba bango haƙƙinsa, sau goma.
Wata rana in manta. Wata rana in ƙi.

Dudu mai nono ta wuce da ƙwarya uku a ka,
shekarunta sun fi nawa, miƙe kamar giginya.
Ta same ni ina ja da haɓa, ta tsaya,
ba ta ko taɓa kayan ba.
Ta ce, “Ku kuna kallon hannunku,
mu hanya muke kallo.”

Da damina ta faɗi, Mayo Kaliyaw ya kawo ruwa,
wata asuba na jingina yadda na saba,
sai na ji sanyi a ƙeya.
Na ɗauka iska ce.
Bango ne.

Ban zama giginya ba, kada in yi ƙarya.
In aiki ya yi daɗi, kunkurun yakan leƙo,
in ce masa koma.
Amma daga bakin rumfata ashe ana hango dutse
bayan kan darbejiya,
kuma yana nan tun ina yaro.

Jiya na ga Sallau a gindin katanga,
wuya ya karye bisa waya, babban yatsa na gudu.
Ban ce komai ba. Na ari wayar Maikano,
na zagaya ta gefe.